Shekarata 35 amma har yau ana cewa in nuna kati

Ni dai Allah ya yi ni da ƙaramin jiki da fuskar da ta ƙi manyanta, gemu kuma bai ga damar fitowa ba, sai wasu 'yan tsirarun gashi a haɓa da in na bar su ma abin dariya suke zama. A 1990 aka haife ni, ina da mata da 'ya, ina koyar da lissafi a wata sakandare nan cikin Kano, amma duk inda na shiga ba a san ni ba kallon ɗan aji shida ake min. Kuma duk wanda na kai wa ƙorafi amsarsa ɗaya ce, wai "kai ai ka more, mu ga shi furfura ta gama da mu." Toh na ji. Bari in ba ku labarin morewar.

Kun san dai yadda muke, a wajenmu shekaru su ke raba komai. Su ke faɗin wa zai fara gaida wani, wa zai zauna kan tabarma wa zai tsuguna a gefe, wa za a aika sayo ƙanƙara in ana zaune a majalisa. Kuma babu mai tsayawa tambayarka yaushe aka haife ka, fuska kawai ake dubawa a yanke hukunci. To ni hukuncin kullum a kaina yake faɗawa. An taɓa janye ni daga sahun gaba a wani masallaci da ba na unguwarmu ba, wani dattijo ya kamo hannun rigata a hankali ya ce "ɗan samari koma baya ka ba manya wuri," wanda aka sa a wurin nawa kuwa wallahi na girme shi nesa ba kusa ba, gemu ne kawai Allah ya ba shi. An riga an ta da iƙama, ina zan fara bayani? Na koma baya abina. A wajen ɗaurin aure ni ake miƙa wa ledar alewa da goro in raba, a wajen ta'aziyya ni ake cewa in ɗebo ruwa a buta. A makaranta kuwa iyaye su zo su same ni a ofishin malamai ina makin takardu, su ce "yaro ina malaman suka shiga?"

Wannan duk da sauƙi, ana yi ana dariya. Inda abin yake cin raina shi ne wajen takarda.

Na je buɗe asusu a wani banki, matashiyar da ke kan tebur ta karɓi fom ɗina ta duba shekarar haihuwa ta ɗago ta dube ni, ta sake duba fom, sai ta ce cikin ladabi dai, "wannan na yayanka ne ko naka?" Na ce nawa ne. Ta ce in kawo kati. Na ba ta takardar NIN, wato ta lambar shaidar ɗan ƙasa, ga hotona ga komai, ta kai wa na gaba da ita suka haɗa kai suna ƙus-ƙus suna leƙena, ni kuma ina tsaye mutanen layi sun zuba min ido kamar wanda aka kama da kayan sata. A ƙarshe sai da suka sa na dangwala yatsa na'ura ta tabbatar ni ne kafin aka ci gaba. Haka a hanya, in aka tsayar da motoci za a bar na gabana ya wuce da ɗaga hannu, ni kuwa sai an ce in faka, tambayar farko "motar babanka ce?", ta biyu "kana da lasin?" Doka ta ce sai mutum ya kai 18 zai yi lasin tuƙi, ni na kusa ninka 18 ɗin, amma sai an juya katin gaba da baya an ɗaga shi sama ana dubawa ko jabu ne.

Wanda ya fi min ciwo shi ne na zaɓen shugaban ƙasa na 2023. Tun bayan hotunan nan da suka yi ta yawo a 2018 na yara ƙanana suna dangwala ƙuri'a a zaɓen ƙananan hukumomi na nan Kano, mutane suka zama masu sa ido, kuma ni ban ga laifinsu ba, abin kunya ne aka ja mana. Amma ina cikin layi da katin zaɓena a hannu sai na ji wani a bayana yana cewa da ƙarfi don in ji, "ga irinsu nan, yaran da ake kwasowa." Wani ma har ya ɗaga waya zai ɗauke ni. Ka duba fa, ni da nake zaɓe tun 2011. Allah ya taimake ni akwai wani tsohon ɗalibina a cikin layin, ƙato da shi ga saje, ya taho da sauri ya rusuna ya ce "Malam ina kwana, ku zo ku shiga gabana." Shi ya kashe maganar. Katin da ke hannuna bai kashe ta ba, don babu wanda ya nemi ya gani ma, kuma ko sun gani cewa za su yi ai kati kowa ma yana iya samu.

Kuma a nan gizo ke saƙar. Mu da kanmu mun riga mun kashe darajar takardar shekaru a ƙasar nan, kowa ya sani. Yawancin sa'o'ina ba a yi musu rajistar haihuwa ba, dokar da ta wajabta rajistar ma a 1992 aka yi ta, kuma ko bayan nan a gida ake haihuwar da yawa daga cikinmu babu wanda ya je ofishin Hukumar Ƙidaya karɓo satifiket. Sai mutum ya girma zai cike fom ɗin jarrabawa ko neman aiki sannan a ce ya kawo shaida, sai ya tafi kotu ya yi rantsuwa a ba shi dikilareshan, shekarar da ya faɗa ita za a rubuta. Shi ya sa in ka duba rajistar ma'aikata za ka ga rabin ofis 1 ga Janairu aka haife su, sai ka ce an yi gangami. Kuma ragewa ake yi, da dalili. Wanda ya haura 30 kafin ya gama jami'a ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi, ga yajin aiki yana cinye wa mutum shekaru yana zaune a gida. Tallar aiki ta fito a ce kar ka wuce ashirin da 'yan kai. Aikin gwamnati kuma ritaya a shekara 60 ne ko bayan shekara 35 ana aiki, duk wanda ya riga zuwa, to kowa so yake ya ja wa kansa lokaci. Ina da abokin da muka yi firamare aji ɗaya benci ɗaya, yanzu a takarda na ba shi shekara biyar, kuma ranar da ya zagayo da haihuwarsa ta bogi har hoto yake sawa a Facebook muna masa addu'a.

Har ƙwallo abin ya bi mu. Najeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 sau biyar, 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, babu ƙasar da ta kai mu, amma surutun shekaru bai taɓa barinmu ba, har FIFA ta fara sa a ɗauki hoton ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI a 2009, shekarar da aka buga gasar a nan gida, don a ga ko ƙashin ya gama haɗewa. Wato takarda ta gaza sai an tambayi ƙashi. Abokaina suna tsokanata wai da na iya taka leda da har yanzu ina Golden Eaglets, ƙungiyarmu ta 'yan ƙasa da 17, ni kuma ina ce musu fuska ce kawai, gwiwoyin nan in na hau bene sun san shekarunsu.

To ka ga inda na tsaya. Kowa na rage nasa babu mai ce masa uffan saboda fuskarsa ta ɗauka, ni da ban taɓa rage ko wata ɗaya ba ni ake zargi da ƙari. Ni kuwa tawa shaidar ta fi ta kowa ƙarfi a wajena, don mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai rubuta abu. Duk ɗan da aka haifa masa sai ya rubuta suna da rana da wata da ajami a bangon wani tsohon littafinsa, na Musulunci da na Bature, har yau littafin na wajen Hajiya mahaifiyarmu a cikin akwati. Amma wa zai karɓi bangon littafi a banki? Ita Hajiya ma ba ta bi ta kan lamba, lissafinta da abin da ya faru take yi, yayanmu babba ta ce da goyonsa aka yi rikicin Maitatsine, wato 1980, kuma in ka bi lissafin nata ba ya kuskure.

Neman aure ma sai da fuskar nan ta so ta ja min. Ranar da na fara zuwa gaida mahaifin matata na tafi da ƙanena, wanda na ba shekara huɗu amma ya fi ni tsawo da faɗi ga gemu har ƙirji. Muka durƙusa muka gaishe shi, Baba ya juya gaba ɗaya wajen ƙanen nawa yana masa tambayoyi, ina kake aiki, ɗan wane gida ne, ni kuma ya ce min "kai kuma wane aji kake?" Ƙanena ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na rawa, da ƙyar ya iya cewa "Baba ai shi ne Yayan, ni rakiya na yo." Dattijon ya yi shiru ya ce ikon Allah. Daga baya na ji sai da ya aika aka bincika a unguwarmu, ba halina kaɗai ba har da shekaruna, don shi a ganinsa ba zai ba yaro 'yarsa ba. Yanzu mun shaƙu sosai, amma har gobe in na je "yaron nan" yake ce min, ƙanena kuma "Malam."

Na gwada dabaru. Na koma sa manyan kaya da hula kullum, ƙananan kaya sai cikin gida, don ranar da na sa riga mai gajeren hannu da wandon jins na shiga makaranta mai gadi sabon zuwa ya tare ni a ƙofa wai ina yunifom ɗina. Man gemun nan da ake talla a intanet ma na saya, kuɗina kawai suka tafi, sai ƙuraje. Tabarau ya ɗan taimaka. Walat ɗina kuwa ya kumbura da katuna, na zaɓe, lasin, na wajen aiki, takardar NIN da na sa aka manne da leda, duk inda za ni suna jikina, tun kafin a buɗe baki nake zarowa.

Da aka haifi 'yata, satin da aka yi suna na je na karɓo mata satifiket ɗin haihuwa na Hukumar Ƙidaya, na yi hotonsa na ajiye a waya, na kai kwafi ɗaya wajen Hajiya. Matata tana ta min dariya wai saurin me nake kamar gobe za ta nemi aiki. Hajiya ce ta ɗauki jaririyar ta ƙare mata kallo ta ce bar shi ya karɓa, wannan fuskar ubanta ta kwaso, za ta buƙace shi.