Sambuki mai tsawon mita ɗaya a gaɓar Jidda

Ƙungiyarmu ba ta da ofis, ba ta da allo a bakin titi. Mu goma sha wani abu ne, yawancinmu Hausawa haifaffun Jidda, sai kaɗan da ke tahowa daga Makka ranar Asabar. Akwai kafinta, akwai mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, akwai direba, akwai 'yan makaranta. Abin da ya haɗa mu shi ne ƙera ƙananan jiragen ruwa, mu saka su a ruwa, mu tuƙa su da rimot daga gaɓa. Mai wucewa yakan tsaya ya ce, "Manya da ku kuna wasan yara?" Ba ma jayayya da shi, rimot muke miƙa masa ya gwada da hannunsa.

Abin kuwa ya daɗe a duniya. Tun 1898 Nikola Tesla ya nuna wa jama'a a birnin New York na Amurka wani ƙaramin jirgin ruwa da yake sarrafawa daga nesa ba tare da waya ba. Ni dai na shigo ta ƙofar da yawancin mutane ke bi, wato jirgin sayayye. Na fara da DragonForce 65, mai tsawon santimita 65, wanda ke zuwa a kwali ka haɗa shi a tsakar ɗaki. Ba shi da inji. Iska ce ke tura shi, rimot kuma abu biyu kacal yake yi: ya juya daffa, allon nan na baya da ke karkata jirgi, ya kuma ja ko ya saki igiyar shira'i, wato ƙyallen da ke kama iska. Har gobe shi nake ba sabon shiga shawarar ya fara da shi, domin a kansa mutum zai gane cewa jirgi ba ya tunkarar iska gaba da gaba, sai dai ya riƙa yanke ta a karkace, dama da hagu, har ya kai inda yake so. A kansa ne kuma hannu zai saba da rikicin nan na lokacin da jirgi ya juyo yana fuskantarka, damarka ta koma hagunsa.

Amma ba jirgin kwali ne ya zaunar da ni a wannan harka ba. Kakata ta wajen uba da ƙafa da jaki ta zo ƙasar nan. Sun ratso Barno da Wadai da Darfur, suna tsayawa su yi noma ko ƙwadago su tara guzuri, kan hanyar da dubban mutanenmu suka bi, musamman bayan yaƙin Burmi na 1903 da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Mai Wurno ya ja sauran jama'a suka zauna a Sudan. A Sawakin, tashar jiragen ruwa ta Sudan, ta shiga sambuki, wato jirgin katako na Larabawa mai shira'i, ta ƙetare Bahar Maliya. Ta sha ba mu labarin ƙarar katako da dare, da yadda ake raba ruwan sha da awo. Shi ya sa na sa a raina sai na ƙera irin wannan jirgi da hannuna, ko da ƙarami ne.

Dattijon ƙungiyarmu, wanda kowa ke kira Baba, kafinta ne da ya yi aiki yana saurayi wajen masu gyaran kwalekwalen masunta. Da na kai masa zanen da na yi daga tsofaffin hotuna, ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Ɗana, zanenka ya yi kyau. Amma in ka bi shi sak, jirgin nan kwanciya zai yi. Ka rage katako ka rage ƙyalle, wa ya rage maka iska?"

Wannan tambaya ita ce babban abin da na koya, kuma lissafi ya gaskata ta. Ɗauki sambuki mai tsawon mita 20 ka mayar da shi mita ɗaya, ka rage shi sau 20 ke nan. Girman fuskar shira'insa zai ragu sau 400, domin tsawo da faɗi duka sun ragu. Nauyinsa kuwa sau 8,000 zai ragu, domin har da zurfi. Ka ga ƙyallen ya yi wa jikin yawa nesa ba kusa ba. Iskar da ke kaɗawa a kilomita 10 cikin sa'a, wadda da ƙyar take motsa maka riga, a wajen ƙaramin jirgin daidai take da mai gudun kilomita 45 a wajen babban. Saboda haka ne jiragen tsere na wannan fanni suke da dogon allo a ƙarƙashinsu, da dunƙulen dalma a ƙarshensa. Ajin da aka fi sani a duniya, na mita ɗaya, dokarsa ta ce nauyin jirgi kada ya gaza kilo 4, kuma fiye da rabin wannan nauyi yana can ƙasa a jikin allon da dalmarsa. Sambuki na gaske ba shi da irin wannan abu, duwatsu da kaya ake lodawa a cikinsa su danne shi. Sai muka shirya da Baba cewa za a yi allon da ake cirewa: a ruwa a ɗaura shi da noti biyu, a gida a cire shi jirgin ya koma kamanninsa na asali. Akwai ɗan ƙungiya da har yau yake ganin wannan ha'inci ne ga tarihi. Ni a wajena jirgin da ba ya tafiya a ruwa kayan ado ne, kuma ba kayan ado kakata ta hau ba.

Aikin kansa a rufin gidanmu na yi shi, da daddare in gari ya ɗan yi sanyi. Na yanke haƙarƙarin jirgin daga siririn falawud, na jera su a kife a kan katako miƙaƙƙe, kamar haƙarƙarin rago bayan layya. Daga nan sai lulluɓi da siraran katakai marasa nauyi, ɗaya a dama ɗaya a hagu, bi da bi, don kada jikin ya murɗe zuwa gefe guda. Wurin da ya fi cin rai shi ne goshi. Goshin sambuki dogo ne mai lanƙwasa, kuma busasshen katako ba ya yarda ya bi lanƙwasar, tsagewa yake yi. Sai ka jiƙa shi a ruwan zafi, ka lanƙwasa shi a hankali da yatsu, ka danne da allurai da matsen shanya, ka bar shi ya kwana kafin ka sa gam. Da safe za ka tarar ya riƙe siffar da kansa. Bayan haka samfefa, mai kaushi sannan mai laushi, har tafin hannu ya daina jin gaɓar katakai idan ka shafa ido a rufe. Baba ba ya duba aiki da ido, shafawa yake yi.

Yanayin Jidda yana da nasa hukunci a kan gam. Ifoksi, gam ɗin nan mai ruwa biyu da ake shafawa a kan ƙyallen faiba don hana ruwa shiga, a zafi saurin kamewa yake yi, tun kana shafawa ya fara danƙo a kofi. Don haka kaɗan-kaɗan ake haɗawa. A watannin Agusta da Satumba kuma, lokacin da raɓa ke jiƙa gilashin mota, yakan bushe da wani maiƙo a sama wanda fenti ba ya kamawa sai an wanke da ruwa an goge. Wanda ke da hali ya yi wannan mataki a ɗaki mai sanyi.

Ba ma kai sabon jirgi teku kai tsaye. Muna yin karo-karo mu kama istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, mai wurin ninƙaya a bayan gari, a zo da shayi da dabino, yara su zauna a gefe. A nan ake gwaji. A ɗora jirgi a ruwa, a shimfiɗa busasshiyar takarda a cikinsa, a bar shi tsawon shan shayi. In takarda ta fito da ɗigo, a koma aiki. Baba yakan ce ruwa ba sa'an kwando ba ne, kuma ramin allura ya ishe shi. A nan ne kuma ake matsar da batir gaba ko baya har jirgi ya zauna daidai a kan layinsa. Kafin a rufe bene, wato saman jirgin, duk wani lungu da babu komai a cusa masa farin soson da ke zuwa a kwalin firiji, yadda ko ruwa ya cika shi ba zai nutse ba.

Teku kuwa wata makaranta ce. Bahar Maliya tana cikin tekunan da suka fi gishiri a duniya, wajen giram 40 a kowace lita, alhali yawancin tekuna 35 ne. Noti na ƙarfen banza kwana kaɗan yake yi ya yi ja. Wayar batir takan yi baƙi daga ciki ba ka sani ba, har ranar da rimot zai daina amsawa jirgi na tsakiyar ruwa. Saboda haka tagulla da ƙarfen da ba ya tsatsa kaɗai muke sawa, rasiba, wato na'urar da ke karɓar saƙon rimot a cikin jirgi, a saka ta a balan-balan a ɗaure baki, kuma ba wanda ke shiga mota sai ya wanke jirginsa da ruwan daɗi ya buɗe murfi ya sha iska. Eriya a ɗaga ta sama da layin ruwa, domin rimot na zamani mai gigahaz 2.4 saƙonsa ba ya ratsa ruwa. Manyanmu suna tuna zamanin mai megahaz 27, lokacin da mutum biyu ba sa tuƙi a zango ɗaya sai ɗaya ya canja kiristal, ɗan abin da ke tsayar wa rimot zangonsa. Yanzu kowane rimot ya san rasibarsa, mutum goma su tuƙa tare ba rikici.

Masu jiragen inji a cikinmu suna amfani da batirin LiPo, wani batir mai caji da kan iya kama wuta, kuma a kansa ba ma wasa. Kowane ɗaki nasa, wato kowane sashe na cikin batirin, bolt 4.2 ne a cike, in za a ajiye shi a sauke shi zuwa 3.8, kuma ba a barin sa a mota a ranar Jidda ko na sallar la'asar. Wanda ya kumbura ya gama aiki. Caji a kan tayil, mutum na zaune a wurin.

Wurin tuƙi ma sai an zaɓa. Cikin Ubhur, mashigin tekun da ke arewacin Jidda, ruwan kwance yake, amma ranar hutu kwalekwalen shaƙatawa da baburan ruwa suna tayar da igiyar da ta fi ƙarfin jirgin mita ɗaya. Mukan nemi lungu mai natsuwa, mu nemi izinin masu kula da wurin tukuna. Sa'armu ita ce iskar maraice a Jidda yawanci daga arewa maso yamma take zuwa, daga teku zuwa tudu, don haka jirgin da ya mutu a ruwa iska ce ke dawo da shi. Ranar da ta juya tana fita, jirage ba sa sauka daga mota. Murjani da ledoji kuma suna kama dogon allon nan, ga shi cikowa da janyewar ruwa a wannan yanki ba su da yawa, ba za ka zauna jiran ruwa ya ɗaga maka jirgi ba. Dokarmu guda ce da ba a sassautawa: ba a bin jirgi da iyo. Akwai sandar fatsa mai ƙwallon tanis a bakin zare, a jefa ta ta haye jirgin a jawo. Katako da gam ba su kai ran ɗan mutum ba, kuma yara na kallon abin da manya ke yi.

Ranar da sambukina ya fara tafiya, abin da ya ba ni aiki shi ne shira'in. Nasa mai kusurwa uku ne, rataye a doguwar sanda da ke gefe ɗaya na turken da ke tsaye a cikin jirgin. In iska ta zo ta gefen da ya dace, ƙyallen ya cika ya yi ciki, jirgin ya miƙe yana yanka ruwa har mutane suka taso daga kan tabarmi. Da na juya shi, sai ƙyallen ya kwanta a jikin turken ya rabu biyu, gudun ya ragu. Matuƙan gaske sukan juya wa iska baya, su ɗauke sandar da hannu su mayar da ita ɗaya gefen, aikin mutum da yawa. Ni ba ni da ma'aikata a kan jirgin mita ɗaya. Na rage tsawon turken, na faɗaɗa daffa fiye da ta asali, na kuma yarda cewa gefe ɗaya zai fi ɗaya gudu. Baba ya karɓi rimot ya yi zagaye, ya miƙo mini ya ce, "Kada ka tilasta masa shiga iska, ba halinsa ba ne. Ba shi fili ya zagayo."

Ba na sa shi a tsere. Tsere na masu DragonForce ne, inda jirage duk iri ɗaya suke, hannu da karatun iska ne ke raba gardama. Muna bin dokokin tseren jiragen shira'i: wanda iska ke bugowa ta hagunsa shi ke kauce wa wanda take bugowa ta damarsa, wanda ya taɓa wani kuma ya yi juyi ɗaya cikakke ya ci gaba. Ba mu da alƙali, kowa ke hukunta kansa, kuma yaro ɗan shekara goma sha biyu yakan ce wa mai furfura, "Kawu, juyinka," Kawu ya juya ba musu.

Yanzu kuɗin karo-karon bana mun ware shi don jirgin ceto na ƙungiya, mai faɗin ƙirji da inji biyu, da ƙugiya a gaba don tura wanda ya maƙale. Mai gyaran na'urar sanyi ya ɗauki aikin waya, 'yan makaranta za su yi samfefa da fenti, ni da Baba jiki. Muna so ya shiga ruwa kafin sanyi ya wuce, domin daga Disamba zuwa Fabrairu ne ake iya tsayuwa a gaɓa tun azahar ba tare da neman inuwa ba.