Rufin ɗakin Hajiya

Yau Laraba ban je wurin aiki ba. Na nemi izini domin in tsaya a kan maganar rufin ɗakin Hajiya, wanda iskar daren Litinin ta yaye. Na tashi cikin walwala, domin duk wanda ya ga inda rufin ya faɗa ya san Allah ya kiyaye: ya tsallake katanga ya sauka a lungun bayan gida, inda yaran unguwa suke wasa da yamma, amma a lokacin dare ya yi kuma kowa ya shige. Tun daren Hajiya take kwana a ɗakin maman yara, kayanta kuma muka jibge su a zaure. Katifarta ta bushe a rana, sai dai silin ɗin ya sha ruwa ya zubo gaba ɗaya, babu abin da za a tsinta a cikinsa.

Da hantsi Baba kafinta ya iso da yaransa biyu. Abin da ya fara cewa shi ne a kashe wuta daga mita, saboda wayoyin da suka bi ta cikin silin suna reto a tsakiyar ɗakin. Na ɗauka daga nan zai sa tsani ya hau bango, amma sai ya ce in raka shi lungu ya ga rufin a inda ya faɗi. Ya daɗe a tsugune yana juya shi, sannan ya kira ni ya ce, "Malam, zo ka gani da idonka. Kwanon nan bai rabu da katakonsa ba. Ƙusoshin suna nan daram inda aka buga su. Rufin ne ya tashi ɗungurungum, da kwano da katako, ya bar bango." Ya bayyana mini cewa idan iska ta ɗauke kwano falle-falle ta bar katako a sama, laifin ƙusa ne ko na tsatsa, amma idan ta ɗauke su tare, ba a ɗaure rufin da ginin ba tun farko. Da muka hau muka duba kan bangon, haka abin yake. An kwantar da katako a kan bulo, an danna masa ƴan ƙusoshi, an shafe da siminti, babu langa-langa ko ɗaya, wato siririn ƙarfen nan da ake ɗaure katako da gini, babu rodin da aka bari aka lanƙwaso a kansa.

Na tambaye shi yadda iska take iya ɗaga abu mai nauyi haka. Ya ce mutane suna zaton iska tura rufi take yi, alhali kuwa ɗaga shi take yi, kamar yadda tururi yake ɗaga murfin tukunya. Idan ta bi ta saman kwano da gudu tana zuƙo shi sama, idan kuma ta sami taga ko ƙofa a buɗe ta ɓangaren da take fitowa, sai ta cika ɗakin ta tunkuɗo shi daga ƙasa, ƙarfi biyu su haɗu a kan rufi ɗaya. Ya ce daga kusurwa da bakin rufi take fara kamawa, musamman inda aka bar kwano ya zarce bango da yawa, shi ya sa mai aikin kirki yake ƙara yawan ƙusa a gefe fiye da tsakiya. Ɗakin Hajiya gabas yake kallo, kuma hadarin farkon damina a nan Kano daga gabas yake tasowa, iska da ƙura a gaba, ruwa a baya. Tagar ɗakin a buɗe take a daren saboda zafi.

Sai ya ɗauko guntun katako daga cikin tarkacen ya matsa shi da ɗan yatsa, ya rududduge. Gara ta cinye cikinsa ta bar ɓawo. Ya ce fiye da rabin katakon haka yake, kuma ba a shafa masa baƙin mai ko maganin gara ba lokacin da aka yi aikin. Shawararsa ita ce a sauke komai, a zuba kankare da rodi a zagaye saman bangon, a binne langa-langa a ciki, a sayo sabbin katakai, tu-bai-fo da tu-bai-tiri, a shafe su da magani, a ɗaure su da ginin, sannan a yi maganar kwano. Game da tsohon kwanon kuma ya ce ana iya miƙe waɗanda ba su yage ba a rufa ɗakin girki ko wurin awaki, amma ba zai mayar da su kan ɗakin kwana ba, domin kowace tsohuwar hudar ƙusa hanyar yoyo ce, kuma facin kwalta ba ya jure rana.

Har zuwa nan raina a kwance yake, domin na fahimci abin da ya faru kuma na ga hanyar gyara. Kiran Yaya ne ya sauya mini yinin.

Ya kira daga Kaduna wajen ƙarfe goma sha ɗaya, na karanta masa lissafin da Baba ya yi. Ya ce shi abin da yake so shi ne a sa wa Hajiya dogon kwanon nan na alminiyam mai launi, domin ɗakinta ne ake fara gani idan an shigo gida, kuma ba ya tsatsa. Na ce masa hakan ya yi kyau, amma kuɗin da ke hannu ba zai ɗauki wannan kwano da sabon katako da kankare a lokaci guda ba. Ya ce to a bar kankaren, a tsince katako mai kyau daga tsohon a ƙara kaɗan. Na fara yi masa bayanin langa-langa, sai ya ce in buɗe muryar wayar ya yi magana da kafinta da kansa. Suka gaisa cikin mutunci. Baba ya maimaita masa abin da ya gaya mini, ya ƙara da cewa, "Alhaji, alminiyam ya fi kwanon gargajiya rashin nauyi. Idan ba a ɗaure shi da gini ba, iska ta fi saurin ɗaukarsa, kuma asarar ta fi yawa." Yaya ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce da ni, wayar tana buɗe kamar yadda ya nema, "Ka dai lura, ka san masu aiki idan suka ga gida ya shiga matsala sai lissafi ya yi ta tsawo."

Baba bai ce komai ba. Ya sunkuya ya ci gaba da ware katako, mai kyau gefe guda, ruɓaɓɓe gefe guda. Bayan na ajiye wayar na ba shi haƙuri, ya ce, "Babu komai, Malam. Wanda yake nesa bai ga abin da muka gani ba." Ya miƙo mini guntun nan da gara ta ci, ya ce in ɗauki hotonsa in aika wa Alhaji.

Wannan magana ce ta tsaya mini a rai har yanzu. Na san Yaya ba da mugun nufi ya faɗe ta ba. Shi yake ɗauke da mafi yawan nauyin gidan nan, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, darajar naira ta faɗi a watan da ya biyo baya, kayan gini suka yi tashin da kowa ya sani. Mutumin da yake aiko da kuɗi daga nesa yana da haƙƙin ya tambayi inda za su shiga, kuma ba ƙarya ba ne cewa akwai masu aikin da suke cin kasuwarsu bayan kowace iska, suna tsawwala kuɗi saboda sun san mai gida ba shi da lokacin jira. Amma dattijon nan abin da ya nema a kashe wa kuɗi shi ne ɓangaren da ribarsa ba ta da yawa a ciki. Kankaren ma ba shi zai zuba ba, magini za a kira. Da riba yake nema, da ya amince da kwano mai tsada ya buga shi a kan tsohon katako cikin kwana biyu ya karɓi kuɗinsa, ɗakin ya yi kyau a ido, babu mai sanin abin da ke ƙarƙashi sai wata daminar. Na kuma san cewa son da Yaya yake yi wa Hajiya ne ya sa yake son a ga ɗakinta ya fi na kowa. Ni kuma da nake kwana a gidan, na ji ƙarar da rufin ya yi lokacin da ya rabu da bango, na ga Hajiya tsaye a bakin ƙofa ruwa yana dukanta tana salati, abin da nake so shi ne rufin da zai zauna inda aka sa shi. Dukanmu alheri muke nufi da ita, sai dai kuɗin ba zai isa a yi biyun ba, kuma ban san yadda zan gaya wa babban wana cewa zaɓinsa ne ya kamata ya jira ba tare da ya ji kamar na raina ƙoƙarinsa ba.

Da azahar Hajiya ta sa aka kai wa masu aikin abinci, ta zauna a inuwa tana kallon bangon ɗakinta. Ta ce a gidan da ta tashi a cikin birni rufin soro ne, azara da ƙasa, ana shafe shi da makuba kafin kowace damina, a gyara indararo, kuma ba ta taɓa jin iska ta ɗauke soro ba. Abin tsoronsu shi ne ruwan Agusta idan ya yi kwanaki yana zuba, ƙasa ta sha ta yi nauyi. Ta tuna shekarar 1988, da madatsar ruwan Bagauda ta ɓalle, gidajen ƙasa da yawa suka rushe a Kano. Baba ya ce gaskiya ne, kuma azarar giginya gara ba ta cika damunta ba, amma yanzu samunta sai an sha wuya. Ban gaya wa Hajiya abin da ya faru a waya ba.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. A layinmu akwai gidaje uku da iskar ta taɓa, kuma maƙwabcinmu na kudu ya zo ya tambaya ko za mu sayar masa da tsohon kwanon. Hajiya ta ce a ba shi abin da zai rufe ɗakin ƴaƴansa, kada a karɓi ko kwabo.

Da la'asar yaran Baba suka shimfiɗa tamfol a kan bangon, suka danne shi da bulo, suka ɗaure kusurwoyinsa da igiya, domin kada ruwa ya ci gaba da shiga cikin bulon ya jiƙa daɓe. Baba ya gargaɗe ni cewa tamfol ba zai tsaya wa iska irin ta Litinin ba, kuma kankare yana bukatar kwanaki kafin ya yi ƙarfin da za a ɗora masa nauyi, saboda haka duk ranar da aka ɓata ana shawara tana matso da mu kusa da tsakiyar damina. Ya auna ɗakin ya ce idan kwanon gargajiya za a saya, bandir biyu zai isa har da ragowa, tunda falle 20 ne a kowane bandir, amma a nemi mai kauri, kada a bi araha a sayo wanda yake lanƙwashewa a hannu. Ya ce a haɗa da ƙusa mai hula, kuma shi a tudun kwano yake bugawa, ba ya bugawa a kwarin da ruwa yake bi.

Bayan magariba na aika wa Yaya hoton katakon da na kan bangon ta WhatsApp, na rubuta masa bayani a taƙaice da girmamawa, ban ambaci maganar da ya yi ba. Alama ta nuna ya gani, amma har na zauna rubuta wannan bai amsa ba, kuma gabas ta fara haɗa hadari tun wajen isha'i. Maman yara ta ce in bar shi ya kwana da maganar, in kira shi bayan sallar asuba lokacin da hankalinsa yake kwance. Zan bi shawararta.

Gobe da safe za mu je Na'ibawa ƴan katako da Baba mu ji farashi, daga nan mu wuce kasuwar Ƙofar Ruwa mu tambayi rodi da langa-langa da kwano iri biyun, domin in sami lissafi na gaskiya da zan sa a gaban Yaya. Na yanke shawarar cewa kuɗin siminti da rodi da langa-langa daga albashina za su fito, ko da zan nemi rance a wurin aiki, don kada su shiga cikin abin da za a yi jayayya a kai. Magini ya ce zai iya farawa ranar Asabar idan kayan sun iso.