Ɗaurin kwaikwayon tsutsa don kamun kifin turawut

Turawut kifin ruwan sanyi ne, irin na kogunan Ingila da tsaunukan Kenya, kuma yawancin abincinsa a ƙarƙashin ruwa yake: 'ya'yan ƙwarin da ba su yi fiffike ba. Su muke kwaikwaya a kan ƙugiya, mu sayar dozin-dozin.

Wadda ta fi tafiya a shagonmu ita ce ta gashin wutsiyar tsuntsun fezan, wadda Frank Sawyer, tsohon mai kula da kogin Avon a Ingila, ya ƙirƙiro. Shi ko zare bai sa ba, siririyar wayar jan ƙarfe kawai, ita ce maɗauri ita ce nauyi. Yanzu masu saye sun fi son mai ɗan ƙwallon tangistan, wani ƙarfe mai nauyi, a ka. Ƙugiya lamba 14 tana ɗaukar ƙwallo milimita 3, lamba 16 kuwa 2.5.

A zura ƙwallon, a shimfiɗa zare zuwa lanƙwasar ƙugiya, a ɗaure silin gashi huɗu, tsininsu ya leƙo baya a matsayin wutsiya, kamar rabin tsawon jiki. A ɗaure wayar a nan. Sai a naɗe gashin zuwa gaba, a bi shi da waya zagaye biyar, amma ta saɓanin yadda aka naɗa gashin. In aka bi hanya ɗaya, wayar nutsewa take yi cikin gashin, haƙorin kifi ya tsinke sili ɗaya, jikin ya warware. A ƙirji a murza ɗan gashin zomo, a ƙulle bayan ƙwallo.

Ɓarnar sababbin ma'aikata ita ce cika kaya. Jiki mai kauri yana riƙe iska, ba ya nitsewa da wuri, sai ya wuce ta saman kifin. Irin wannan ba na barin ta shiga kwali.

A bakin kogi, ta inda ruwa ke gangarowa ake jefawa a bar shi ya kawo ta, da siririyar igiya ta kusan milimita 0.15 a ƙarshe. Muddin igiya ta ja ta, ta fi ruwan sauri, kifi zai ƙi. In ba ta taɓa ƙasa jefi-jefi, a ƙara nauyi kafin a zargi launi. Dabarar Sawyer har yau tana ci: da ta iso gaban kifin, a ɗan ɗaga sanda, ta taso kamar za ta gudu, a nan yake cafkewa.