Godiya ga mutanen Aboabo da duk wanda ya sa ni a addu'a

Alhamdulillah an yi walimar kammala karatuna an watse, an mayar da kujerun haya, sai yanzu na samu na zauna, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Kun san yadda shekaru huɗun nan suka kasance, ba sai na maimaita ba.

Dare ɗaya dai ba zan manta ba. A Jamus ne, wajen European XFEL, injin da ke fitar da walƙiyar eksire mai ƙarfi, a ramin kilomita 3.4 da ya taso daga Hambog ya ɓulle Schenefeld. Kusan shekara muka jira kafin a ba mu kwana biyar, kowane zama awa 12. Aikin shi ne mu haska wa fallen ƙarfe leza, sannan walƙiyar eksire ta biyo baya ta duba yadda maganaɗisun ke zubewa. Walƙiyar ta 'yan femtosakan ce, wato ka raba sakan gida miliyan, ka sake raba ɗaya gida biliyan. Tun 1996 masana a Faransa suka ga nikel na sakin maganaɗisunsa cikin ƙasa da femtosakan dubu, har yau ana musu kan dalili. To mu dare huɗu muna zaune allon kwamfuta shiru, layi a miƙe kamar titin Tamale. Kuskurena ne a lissafi, hasken biyu ba sa haɗuwa a kan lokaci. Wajen ƙarfe uku na daren ƙarshe na shige banɗaki ina kuka, hannuna na rawa, ina tuna kuɗin adashen Mma da ya tafi a tikitin farko. Wata dattijuwa cikin abokan aikinmu, wadda aikinta ya ƙare tun goma, ta ajiye jakarta ta miƙo min shayi ta ce mu sake daga farko. Muka riƙa matsar da madubi kaɗan-kaɗan, kaurin gashi kawai, kafin asuba sai ga layin ya lotsa ƙasa, alamar mun kama maganaɗisun yana zubewa. Wallahi a nan na yi sujada kan tayil, ko kunya ban ji ba.

An ce ba a kiran suna, ku yafe min. Hajiya mai koko ta bakin masallaci, ke kika cusa min sidi 200 a gefen mayafi ranar tafiyata kika ce kar in faɗa, to na faɗa. Kawu direba da ya kai ni Ankara, babban birnin Ghana, cikin dare ya ƙi karɓar ko kuɗin mai. Malamina na Tek, jami'ar fasaha ta Kumasi, da ya tsaya min. Mma, ba ni da bakin gode miki. Allah ya saka da gidan Aljanna, ya raya zuri'a, ya buɗa kasuwa, ya jiƙan Baba da bai ga wannan rana ba, ya haskaka kabarinsa, ya sa mu gama lafiya.

Waɗanda suka ce boko ya isa haka a yi aure, mun ajiye muku kujeru a gaba har aka tashi, ba komai, wataƙila uzuri ne.

Mai babbar tukunyar waake da kula biyu shuɗɗa, suna ɗakin Mma, a turo yaro gobe bayan azahar. Ni dai barci zan yi.