Digon Bilic Ɗaya da Na Ƙi Ɗigawa

Jiya wani ɗalibina ya miƙo min waya, wai manhaja ta gaya masa sunan laikin ɗin (wata halitta mai kama da tsiro da ke manne wa itatuwa) da ya ɗauka hoto a jikin bishiya. "Malam, Ramalina ce." Ko taɓa ta bai yi ba. Sai na ji kamar kaina nake kallo.

Ina saurayi aka tura mu aikin fili kudu da Mombasa a ƙasar Kenya, cikin itatuwan mangurob masu tsiro a ruwan gishiri. Laikin ba tsiro ba ne, zaman tare ne tsakanin fumfuna da gansakuka, abin da masanin tsirrai Schwendener ya faɗa tun 1867 aka ƙi yarda da shi. Na ga wata tana reto daga rassa, falle-falle kamar yankakken ƙyalle, na cika ambulan da ita, kowace na rubuta Ramalina. Kwalbar bilic, ruwan farar da kaya da muke ɗigawa don gane irin laikin, tana masauki. Ganda ce ta hana ni komawa, ko da yake ruwa ya fara tasowa, sauro kuma ya hana sakat, Ramalina ɗin ma tana fitowa a wurin, sifarsu kusan ɗaya. Wa ba zai ruɗe ba? To, amma na san launin bai yi ba: Ramalina tana da ɗan ɗorawa-ɗorawa a korenta, wannan kuwa fari-fat take kamar an barbaɗa toka. Na gani, na kau da kai.

Malaminmu bai yi faɗa ba. Ya ɗiga bilic, wurin ya yi ja nan take. Ya kankare da reza, cikin ya fito ruwan lemo, alamar gansakukar Trentepohlia. Ashe ba Ramalina ba ce, Roccella montagnei ce, dangin waɗanda ake rini da su, ake kuma yin litmus, takardar gwajin asid. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Na yi niyyar ba ku shawara goma, biyu suka rage. Kada ku yarda da ido, ku ɗiga bilic, sabo, ku zuba ido don jan yakan gushe da wuri. Gwajin nan masanin laikin Nylander ya kawo shi a 1866, ku kuwa yaran yanzu kun fi ƙarfinsa, sai danna waya. Na biyu, ku yarda da ido. Na san na ce kada. Amma idona ya gaya min gaskiya ranar, ni ne na ƙi ji.

Yaron ya ce min hoton ma ba shi ya ɗauka ba, turo masa aka yi.