Abin da littafin firamare ya koya mini game da buɗe bakin yara

Manhajar firamare da hukumar NERDC, mai kula da bincike da bunƙasa ilimi ta ƙasa, take tsarawa ta ɗora koyon harshe a kan abubuwa huɗu, wato sauraro, magana, karatu da rubutu. A shekarun da na yi ina koyarwa a wata makarantar gwamnati da ke Rigasa, na lura cewa karatu da rubutu ne suke cinye lokacin aji, domin su ne ake iya dubawa da jan biro. Sauran biyun kuwa an bar wa amshi. Malami zai karanta jimla, yara su maimaita da murya ɗaya har a jiyo su daga bakin titi, amma idan aka ware yaro guda aka ce ya faɗi abin da labarin ya ƙunsa, sai ya sunkuyar da kai yana murza gefen rigarsa.

Abin da na fahimta shi ne, magana tana cikin hoton da ke saman shafi, wanda yawancinmu muke tsallakewa don mu isa ga tambayoyin auna fahimta. Idan darasin a kan kasuwa ne, nakan sa a rufe rubutun da tafin hannu, in tambayi abin da suke gani, sannan in fito da yara biyu su yi ciniki. Yarinyar da ake ɗauka ba ta da baki, wadda take tallan gyaɗa bayan an tashi, ita ce za ta taya, ta ce albarka, ta lissafa canji ba tare da inda-inda ba. Daga nan ne nake mayar da su ga jimlolin littafin, da Hausa tukuna, kafin a juya su zuwa Turanci, domin yaron da bai iya tsara zance da harshen da yake tunani da shi ba, da wuya ya tsara shi da baƙon harshe.

Ƙarancin littattafai matsala ce ta gaske, kuma ba na raina ta. Duk da haka, inda yara da yawa suke raba littafi ɗaya a benci, nakan sa ɗaya ya karanta, sauran su saurara, sannan kowa ya maimaita labarin da kalmominsa. Wannan yana cin lokaci, har wani zubin ba a gama babin da aka tsara wa makon ba, amma a shifta da insha'i nake ganin amfaninsa. Ina fata bitar da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB) da Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke nan Kaduna suke shiryawa za ta riƙa ware zama na musamman a kan yadda ake koyar da magana da sauraro.