Adadin da Aka Fara Furtawa a Ɗakin Taro

Gabatar da shawarar aiki a gaban hukumar gudanarwar kamfani yana da sassan da ba su da wuyar koyo: tsayuwa, haɗa ido da mutane, ɗaga murya yadda na ƙarshen tebur zai ji, daina karanto abin da ke kan majigi. Waɗannan duk na iya su, kuma ba su ne suka kā da ni ba a zaman da har yanzu in na tuna raina ke sosuwa. Jimla ɗaya ce ta yi ɓarnar, kuma ba daga bakina ta fito ba.

Aikin na sabon tsarin lissafin kaya ne a sito. Don sauƙin bayani, a ce abin da na zo nema 100 ne. Shugaban zaman yana gabatar da ni sai ya ce, cikin raha: "Na ji ana cewa irin wannan aiki ba ya wuce 40, amma bari mu ji daga bakinsa." Jita-jita ce kawai ya tsinta. Na yi bayani tsaf, ana ta gyaɗa kai. Da aka iso farashi, ba wanda ya tambayi abin da 100 za ta saya musu. Kowa so yake ya ji dalilin da na wuce 40. Aka tashi a kan 60, aka datse horar da ma'aikata, alhali horon ne ke sa irin wannan tsari ya rayu bayan masu kafa shi sun tafi.

Adadin farko da ya shiga kunne turke ne, duk zagayen da magana za ta yi ba ta wuce tsawon igiyarsa. A 1974 masana halayyar ɗan Adam Amos Tversky da Daniel Kahneman suka wallafa gwajin da ya nuna haka ƙarara. An juya wa mutane wani faifai mai lambobi irin na caca, wanda aka shirya ya tsaya a kan 10 ko 65, sannan aka tambaye su kashi nawa cikin ɗari na mambobin Majalisar Ɗinkin Duniya ƙasashen Afirka ne. Waɗanda suka ga 10 suka tsaya wajen 25, waɗanda suka ga 65 suka ce wajen 45. A gabansu aka juya faifan, sun san ba ruwansa da Afirka, amma ya ja su. Kada kuma ka ce ai daraktoci gogaggu ne. A 1987 Gregory Northcraft da Margaret Neale sun zagaya da dillalan gidaje cikin gida ɗaya a Tucson ta jihar Arizona, aka ba kowane rukuni takarda mai farashi dabam. Ƙimar da suka yi wa gidan ta bi farashin takardar, kuma mafi yawansu ba su ma lissafa shi cikin abubuwan da suka duba ba. Gogagge ma yana kamuwa, bambancinsa shi ne zai rantse bai kamu ba.

Don haka yanzu rabin shirina a wajen ɗakin taro nake yin sa. Kafin ranar, ka ga shugaban zaman da shugaban sashen kuɗi, kowa shi kaɗai, ka tambaye su kai tsaye: "Akwai adadin da kuke da shi a rai?" In akwai wata 40 da ke yawo, gara ka ji ta a ofis, inda mutum zai iya janye ta ba tare da ya ji kunya ba. A gaban abokan aikinsa kuwa kare ta zai yi, ko da bai san inda ya samo ta ba. Ka rubuta wa mai gabatar da kai layi biyu da zai karanta, sunanka da batun, ba lamba ko ɗaya. Yawanci murna ma suke yi, ka sauke musu nauyi. Ka duba ajanda kuma: in batun da ke gabanka na rage kashe kuɗi ne, ka roƙi sakatare ya canza maka gurbi.

A cikin jawabin, lambar farko da za ta fito daga bakinka, cikin minti 2 na farko, ta zama ta abin da matsalar ke ci musu. "Kayan da ke ɓacewa da masu lalacewa a sito suna cin 150 duk shekara." Bayan an ji 150 mai maimaituwa, 100 ta sau ɗaya tana da wurin zama. Ka faɗi 150 ɗin a matsayin asara, domin binciken Kahneman da Tversky na 1979 da waɗanda suka biyo baya sun nuna zafin rasa abu ya kai kusan ninki biyu na daɗin samun kwatankwacinsa. Sharaɗi ɗaya ne: lambar ta fito daga littattafansu, akantansu ya gan ta ya amince tun kafin zaman. In ka kumbura ta, shi ne zai ɗaga hannu, kuma daga nan duk lambar da ka ambata sai an yi mata kallon zargi.

Kada ka ɓoye farashi sai shafin ƙarshe. Masu sauraro sun san yana tafe, kuma muddin ba ka faɗa ba kowa yana ƙirƙirar nasa a zuci. Ka faɗe shi kafin ka cinye kashi ɗaya cikin uku na lokacinka, da bakinka, a hankali, sannan ka yi shiru na daƙiƙa 3. Shirun nan ya fi komai wuya, baki yana ƙaiƙayin ƙara "amma za mu iya dubawa", kuma da ka faɗi haka ka yi ragi tun ba a nema ba. Ban da "kusan", ban da "tsakanin 80 da 100", don 80 kaɗai za su ji. In lissafinka 97 ya bayar, ka ce 97. Lamba irin wannan tana nuna an zauna an yi lissafi.

To, in duk da haka wani ya riga ka jefa tasa fa? Kada ka yi kamar ba ka ji ba, ka ce sai ka iso wurin, domin kowane minti da ya wuce tana ƙara zama daram. Kada kuma ka shiga ciniki, "mu haɗu a tsakiya" amincewa ce cewa 40 tana da tushe. Nan take, cikin ladabi, ka ce: "Ranka ya daɗe, kafin in fara, wannan 40 ɗin ta haɗa da kwashe tsoffin bayanai da horar da ma'aikata da kulawar shekara guda? In babu su, wani aikin ne dabam." Ba ka ƙaryata shi ba, ka dai raba lambarsa da aikinka. Adam Galinsky da Thomas Mussweiler sun nuna a 2001 cewa tayin farko yana jan sakamakon ciniki, amma jan yana gushewa in ɗaya ɓangaren ya mai da hankali kan bayanan da suka saɓa wa tayin. Bayanan nan ne aikinka ka ajiye musu a tebur da wuri.

Abin da ke ƙara ba ni haushi shi ne masu horar da jawabi da ke ta nanata cewa kalmomi kashi 7 cikin ɗari ne kawai na saƙo, murya 38, fuska 55. Gwaje-gwajen Albert Mehrabian na 1967 da aka ciro wannan daga ciki sun shafi kalma guda ce da ake furtawa don nuna so ko ƙi, ba bayanin kasafi ba. Ba tsayuwar da za ta goge lambar da ta riga ta shiga kunne.

Wajen rufewa, zaɓi uku sun isa, kuma ka nuna wanda ka ba da shawara a kai a rubuce, yadda amincewa da shi za ta zama hanya mafi sauƙi. Mutane suna zama a kan abin da aka riga aka shimfiɗa musu: a wani kamfanin Amurka da Brigitte Madrian da Dennis Shea suka nazarta a 2001, da aka mai da shiga asusun fansho ya zama kai tsaye sai wanda ya ce ba ya so, masu shiga suka tashi daga ƙasa da rabi zuwa kashi 86 cikin ɗari. A kowane zaɓi ka rubuta abin da za a rasa in an sauko, musamman horo, don shi ake fara yankewa.

Bayan an tashi, a ranar, ka aika wa sakatare da mahalarta saƙo mai ɗauke da farashinka da abin da ya ƙunsa. Rahoton zaman shi za a karanta a farkon zama na gaba, kuma in 40 ce ta shiga ciki ba tare da bayani ba, da ita za a sake buɗe maganar.